Gem ɗin kaset na PAL: canza kiristal kaɗai zai mayar da shi NTSC?

ɗan_kaset:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu gyaran kayan lantarki ce, musamman waɗanda suka san cikin tsofaffin gem.

Ina da gem irin mai cin kaset mai ƙafa 60, kwaikwayon Famicom na kamfanin Nintendo, wanda ke zuwa da rawayen kaset mai tarin wasanni a ciki. Lafiyarsa ƙalau, sai dai komai da nawa yake tafiya. Kiɗan Super Mario Bros. yana ja, gudun ma haka, kuma hoton ba ya cika fuskar talabijin, akwai baƙin fili sama da ƙasa. An ce mini dalili shi ne an yi shi ne don tsarin talabijin na PAL mai hoto 50 a sakan, alhali wasannin an yi su ne don tsarin NTSC mai hoto 60.

Ga abin da ke kan fanel ɗin. Manyan IC biyu masu ƙafa 40, ɗaya an rubuta UA6527P, ɗayan UA6538. Ƙananan IC guda biyar ko shida. Kiristal ɗaya mai lamba 26.601712. Regileta 7805 da ɗan ƙarfen sanyaya shi. A baya akwai ramin RF, wato na wayar eriya, da ramukan AV biyu, na hoto da na sauti. Fanel ɗin mai fuska ɗaya ne, ruwan ƙasa.

Wani ya ce in cire kiristal ɗin in sa 21.47727, shi ke nan ya koma NTSC. Haka ne? In ba haka ba ne, me da me zan canza? Sannan tunda wutar NEPA 50 Hz ce, gem mai 60 Hz zai zauna lafiya a kanta?

Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa kiristal ɗin tukuna. Wanda ya ba ka shawarar rabin magana ya faɗa, sauran rabin tana cikin manyan IC biyun da ka karanto mana lambarsu.

Kiristal bugu kawai yake bayarwa, wanda gem ke ƙirga lokaci da shi. Kowane IC yana raba wannan bugun gida-gida kafin ya yi aiki da shi, kuma adadin rabon a cikin IC ɗin aka gina shi tun daga masana'anta, babu ƙafar da za ka ɗaga ko ka haɗa ta sauya shi. Famicom na asali, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, kiristal ɗinsa 21.477272 MHz ne. IC ɗin lissafinsa, Ricoh 2A03, yana raba bugun gida 12, ya yi gudu a 1.789773 MHz. IC ɗin hotonsa, 2C02, yana raba shi gida 4, yana zana layi 262 a kowane hoto, abin da ke ba da hoto 60.1 a sakan. Naka kuwa na kamfanin UMC na Taiwan ne. UA6527P yana raba 26.601712 gida 15, ya samu 1.773448 MHz. UA6538 yana raba shi gida 5, yana zana layi 312, hoto 50 a sakan. Wannan tsarin ake kira tsarin Dendy, da sunan gem ɗin da aka fara sayarwa a Rasha a 1992, kuma shi ne a cikin yawancin gem na kwaikwayo da aka kai ƙasashen da ke amfani da PAL, har da namu.

To yi lissafin abin da zai faru in ka sa 21.477 ka bar IC ɗin yadda suke. IC ɗin hoto zai raba shi gida 5, ya samu 4.295 MHz. Kowane layi ɗigo 341 ne, ke nan layi 12,597 a sakan, alhali talabijin tana jiran wajen 15,600 zuwa 15,750. Ka raba wannan da layi 312, ka samu hoto 40.4 a sakan. Babu talabijin da za ta kama wannan. Abin da za ka gani shi ne layuka a karkace suna gudu, ko shuɗin allo, kuma sautin zai ƙara nauyi fiye da da, don IC ɗin lissafi ya faɗo 1.43 MHz. Wasu kan ce to a ƙara kiristal ɗin sama, a sa wajen 32 MHz don hoto ya kai 60. Zai kai, amma layi zai haura 18,700 a sakan, siginar kala ta koma 5.3 MHz, wadda ba PAL ba ce ba kuma NTSC ba.

Dalilin da ya sa kala ke ɗaure da kiristal shi ne lambarsa ninki 6 ce ta siginar kala. Ka ninka 3.579545 MHz na NTSC sau 6, ka samu 21.477272. Ka ninka 4.43361875 MHz na PAL sau 6, ka samu 26.601712. Ban da haka, UA6538 yana juya siginar kala layi bayan layi kamar yadda PAL ke buƙata, kuma ba zai daina ba ko wane kiristal ka ba shi.

Saboda haka abu uku ake canzawa tare: UA6527P ya koma UA6527 marar P, UA6538 ya koma UA6528, kiristal ya koma 21.477272. Ƙafafunsu a jere ɗaya suke, ba sai ka yanke layi ko ɗaya a fanel ba. Ƙananan IC ɗin, wato RAM biyu da 74LS139 da 74LS373 da masu karanta fad (abin dannawa na hannu), duk suna nan yadda suke. Kada ka canza ɗaya daga cikin manyan ka bar ɗaya. Wasannin sun dogara ne da cewa IC ɗin hoto yana yin ɗigo 3 daidai a kowane bugu 1 na IC ɗin lissafi. Gida 12 da gida 4 sun ba da 3, gida 15 da gida 5 ma sun ba da 3, wannan ce ma dabarar da ta sa wasannin Japan ke aiki a naka ba tare da hoton ya tarwatse ba. In ka gauraya, za ka samu 2.4 ko 3.75, sai wasannin da ke raba allo biyu, sama maki ƙasa fili, su fara rawa ko su tsaya cak.

Abin da za ka samu bayan aikin: gudun wasa da na kiɗa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100 a kan yadda yake yanzu. Muryar kiɗan kanta ba za ta tashi sosai ba, bambancin 1.773 da 1.790 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Baƙin filin sama da ƙasa zai tafi, domin layi 240 na hoton za su cika allo maimakon su zauna a tsakiyar filin da aka tanada don layi 288.

Maganar wutar NEPA kuma, babu ruwanta. Adafta tana mayar da ita DC, 7805 ya sauko da ita 5V, kiristal ne kaɗai ke ba gem lokaci.

Amma kafin ka sayi komai, gwada talabijin ɗinka. Nan ne mutane suka fi yin asara. Samo na'urar DVD, shiga saitinta, ka zaɓi NTSC kai tsaye, ba AUTO ba, ka haɗa ta da rawayar wayar AV. In hoto ya tsaya da kala, ka ci gaba. In ya tsaya amma baƙi da fari, talabijin ɗin tana kama 60 Hz amma ba ta karanta kalar 3.58, kuma haka gem ɗinka zai fito. Wannan ya fi yawa a talabijin masu ƙeya 'yan gwanjo da aka kawo daga Turai. Duba saitin kalarta ko akwai NTSC 3.58. In NTSC 4.43 kaɗai ka gani, ba zai yi maka ba. In kuma hoton birgima yake yi, to ba ta kama 60 Hz ma.

Injiniya B.:

Abin da Malam Mai Rediyo ya faɗa daidai ne, ni aikin hannun zan ƙara, don a wannan irin fanel ɗin cire IC ya fi komai haɗari.

Kayan da za ka tanada: UA6527 ɗaya, UA6528 ɗaya, kiristal 21.477272 guda biyu ko uku don ba duka ke tashi ba, soket mai ƙafa 40 guda biyu, kafasita 104 guda biyu, ƙananan kafasita na 15, 22 da 33 pF, kafasita mai juyawa na 30 pF in babu shi a fanel ɗin, dalma mai gubar 60/40, man dalma, famfon zuƙe dalma da igiyar tagulla mai shanye ta, sai mita mai auna Hz.

A kula da lambar kiristal sosai, don akwai masu kama da shi. 21.28137 na Super Nintendo ɗin Turai ne, 21.453 na tsarin PAL-M ɗin Brazil ne. Dukkansu za su ba ka hoto tsayayye, amma ba kala, sai ka yi ta zargin IC alhali ba laifinsa. Wanda kake so za a rubuta 21.47727 ko 21.477272, wani lokacin 21.4772.

Kafin ka kunna ayan, wato ƙarfen narka dalma, ɗauki hoton fanel ɗin da wayarka gaba da baya, ka lura da inda ɗan yankan da ke kan kowane IC yake kallo. A wasu fanel ɗin biyun ba gefe ɗaya suke kallo ba. Ƙafa ta 40 ita ce 5V, ta 20 ita ce ƙasa, wato 0V, a dukkansu. In ka juya IC ka kunna, wuta ta shiga ta baya, cikin 'yan sakan ya ƙone.

Fanel mai ruwan ƙasa na takarda ne da aka matse da ƙaro, tagullar da ke kansa ba ta jure zafi. Sa ayan a tsakanin digiri 320 zuwa 350, kada ka wuce sakan 3 ko 4 a ƙafa ɗaya. Fara ƙara sabuwar dalma a kowace ƙafa, don tsohuwar ta bushe ba ta narkewa sumul, sannan ka zuƙe. Kada ka bi su a jere, yi ta 1, ka tsallaka ta 10, ka dawo ta 2, don wuri ɗaya kada ya yi ta shan zafi. Bayan ka gama duka 40, taɓa kowace ƙafa da bakin hantsaki. Wadda ta saki za ta motsa cikin raminta. Wadda ba ta motsa ba, sake mata dalma ka sake zuƙewa. Kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare IC da ƙarfi, ƙafa ɗaya da ta maƙale za ta taho da layinta. Wasu suna yanke ƙafafun IC da fulaya su cire su ɗaya-ɗaya. Ya fi sauƙi ga fanel, amma ni ban so, domin UA6527P da UA6538 ba a ƙera su yanzu, kuma su ne hanyarka ta komawa in talabijin ta ƙi.

Sa soket, kada ka liƙa sabbin IC kai tsaye. Daga nan ka yi abin da mutane da yawa ke tsallakewa: mayar da tsofaffin IC ɗin cikin soket, da tsohon kiristal, ka kunna. In gem ya tashi yadda yake da, aikin dalmarka ya yi kyau, duk matsalar da ta biyo baya daga sabbin kaya take. In bai tashi ba, bi ƙafafun da mita ɗaya bayan ɗaya, ka nemo layin da ya yanke ko dalmar da ta haɗe ƙafa biyu. Liƙa kafasita 104 a bayan kowane soket tsakanin ƙafa ta 40 da ta 20, da gajerun ƙafafu.

Yanzu cire kiristal ka sa sabon, ƙafafunsa gajeru, kusa da fanel. In tsohon an ɗaure jikinsa da waya zuwa ƙasa, yi wa sabon haka. Sa UA6527 da UA6528, sa kaset, kunna.

Awo biyu za su gaya maka gaskiyar abin da aka sayar maka, don ana goge lambar IC a sake buga wata, kuma na PAL da na NTSC a ido iri ɗaya ne. Sa mita a Hz, baƙar waya a ƙasa, jar waya a ƙafa ta 31 ta IC ɗin lissafi. In ka ga 1.79 MHz, na gaske ne. In ka ga 1.43, UA6527P ne aka canza wa suna. Ba kowace mita ke kai wa MHz ba, duba takardarta. Na biyun kowace mita za ta iya: ƙafa ta 19 ta IC ɗin hoto, wadda ke haɗe da ta 33 ta IC ɗin lissafi, tana bugawa sau ɗaya a kowane hoto muddin wasa yana gudana. 60.1 Hz shi ne daidai, 40.4 yana nufin IC ɗin hoton na PAL ne. Kada ka ɗora wayar mita a kan kiristal ɗin kansa, nauyinta kaɗai yana iya tsayar da shi.

In allo baƙi ne babu sauti, kuma ƙafa ta 31 shiru, kiristal bai tashi ba. Da'irar da ke tayar da shi tiransista ɗaya ko biyu ce da 'yan kafasita, an zaɓe su don 26.6 MHz. Yawanci tana karɓar 21.477 ba gardama. In ta ƙi, gwada kiristal na biyu, sannan ka ƙara girman kafasitan da ke gefensa mataki ɗaya, daga 15 zuwa 22, ko daga 22 zuwa 33 pF. In hoto ya fito tsaf amma baƙi da fari a talabijin da ka riga ka tabbatar tana karanta NTSC, ko kala tana zuwa tana ɗaukewa, bugun ya ɗan kauce ne. Juya kafasita mai juyawa a hankali da sukundireban roba, ba na ƙarfe ba, har kala ta kama. Ci gaba da juyawa har ta sake ɗaukewa, sannan ka dawo tsakiyar wuraren biyu ka bar shi. In ka bar shi a bakin iyaka, da gem ya ɗumama kala za ta gudu.

ɗan_kaset:

Allah ya saka da alheri, Malam Mai Rediyo da Injiniya. Na gwada da DVD, talabijin ɗin ta nuna kala a NTSC, saitinta ma akwai 3.58. Saura abu biyu. Ramin RF zai ci gaba da aiki bayan an canza? Sannan akwai wani gem na biyu, ƙarami, shi babu manyan IC a ciki, baƙin ɗigo ɗaya ne kawai a tsakiyar fanel da kiristal 26.601712. Shi ma ana iya yi masa?

Mai Rediyo:

Amin, Malam. RF zai fitar da wani abu, amma kada ka dogara da shi. Akwatin RF ba ya canza tsarin hoto, abin da aka ba shi yake ɗorawa. Matsalar a sauti take. Yana ɗora sauti a wata tazara daga hoto, kuma tazarar ta bambanta: 4.5 MHz a tsarin Amurka da Japan, 5.5 a tsarin B/G da Najeriya da Gana suka yi amfani da shi, 6.0 a Ingila, 6.5 a Rasha da Sin da kuma Nijar, wadda ta bi wani tsarin kala mai suna SECAM. Akwatinka yana nan a 5.5 ko 6.5, gwargwadon kasuwar da aka yi shi dominta. Talabijin da ta ga hoton NTSC ta eriya tana iya komawa neman sauti a 4.5 da kanta, sai ka samu hoto da shuuu. In tana barin ka zaɓi tsarin sauti da hannu, zaɓi BG don 5.5 ko DK don 6.5. Tunda kana da AV, yi amfani da shi, hotonsa ma ya fi tsabta.

Na biyun kuma, wannan baƙin ɗigon gem ɗin ne gaba ɗaya, IC ɗin lissafi da na hoto da RAM a gutsure ɗaya, an zuba masa ƙaro. Ba ya ciruwa. Ko zai canzu ya danganta da abin da ke ƙarƙashin ƙaron. Tsofaffin irin UM6561 an yi na PAL daban, na NTSC daban, babu abin da za ka yi musu. Waɗanda suka biyo baya irin VT02 da VT03 na kamfanin V.R. Technology suna da ƙafafun zaɓi, ɗaya ta tsarin kala, ɗaya ta 50 ko 60, waɗanda ake haɗawa da wuta ko da ƙasa. Mai ƙera fanel in ya so yakan fito da su waje, don ya riƙa sayar da fanel ɗaya a kasuwanni daban-daban.

Duba kewayen ɗigon da gilashin ƙara girma. Kana neman ƙananan filayen tagulla biyu ko uku a jere, wasu an haɗe su da ɗigon dalma ko rasista mai lamba 0, kusa da su an rubuta P da N, ko PAL da NTSC, ko 50 da 60. In ka same su, ɗauki hoto, auna da mita wane gefe ne wuta wane ne ƙasa, ka cire haɗin da ke nan kafin ka yi sabon. In ka bar duka biyun a haɗe, ka haɗa wuta da ƙasa kai tsaye ke nan. Kiristal ma dole ya koma 21.477272 a lokaci guda. In babu rubutu ko ɗaya, shawarata ka bar shi yadda yake. Gwada filayen da ba a san aikinsu ba yana iya tura wuta cikin ƙafar da ke fitar da sigina, kuma ɗigon in ya mutu babu na canji.

Akwatin da ake sayarwa mai juya PAL zuwa NTSC daga waje ba zai biya maka buƙata ba. Hoton da ya riga ya fito yake juyawa, gem ɗin yana nan yana tafiya a 50, nawar tana nan, ga jinkirin da akwatin zai ƙara tsakanin danna fad da motsi a allo.

Hajiya Fad:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abubuwan da ya kamata mai tambaya ya sani kafin ya kashe kuɗi, don kada ya zaci ya lalata wani abu.

Na farko kaset ɗinsa. Masu tarin wasanni kusan duk kwafin wasannin Japan da Amurka ne, su za su daidaita. Amma in yana da kaset na Turai, ko yana sa kaset mai ƙafa 72 na NES, wato Famicom ɗin da aka sayar a Amurka da Turai, ta adafta, labari ya canza. NES ɗin Turai mai 2A07 da 2C07 yana ba wasa layi 70 na hutu tsakanin hoto da hoto don ya sabunta allo, NTSC layi 20 kawai yake bayarwa. Wasan da aka rubuta ya cinye wannan dogon hutun, irin su Elite, ba zai yi daidai a NTSC ba. Waɗanda aka gyara wa gudu don Turai kuma za su yi sauri fiye da kima. Tsarin Dendy shi ma layi 20 yake bayarwa bayan ya sanar da IC ɗin lissafi cewa hutu ya fara, ragowar layi 51 kafin sanarwar yake zubar da su, shi ya sa wasannin Japan suka fi zama lafiya a kansa fiye da kan NES ɗin Turai.

Na biyu sauti. Ko bayan an canza, wanda ya san kiɗan asali zai ji wasu muryoyin sun bambanta, wasu sun yi siriri inda ya kamata su cika. Ba laifin aikin ba ne. A IC ɗin UMC an juya faɗin bugun muryoyi biyu na farko, na kashi 25 ya zauna a wurin na kashi 50, kuma UA6527 yana da wannan kamar yadda UA6527P yake da shi. Maganinsa Ricoh na asali. RP2A03G da RP2C02G daga mataccen Famicom ko NES ɗin Amurka suna shiga soket ɗin nan daidai, da kiristal ɗin 21.477272 ɗin dai. Ana iya sa Ricoh a lissafi a bar UA6528 a hoto, tunda rabon 12 da 4 bai canza ba. A nan na ɗan saɓa da Injiniya: in za a samu Ricoh daga fanel ɗin da aka san asalinsa, ya fi sayen UMC daga hannun wanda ba a sani ba, don an kauce wa matsalar lambar jabu gaba ɗaya. A tabbatar ƙafa ta 30 ta IC ɗin lissafi tana haɗe da ƙasa a fanel, ƙafar gwajin masana'anta ce. A guji RP2A03 marar harafi a ƙarshe, na farkon fitowa, akwai salon ƙara ɗaya da ba ya yi. A kuma duba da kyau kada a ɗauko 2A07 da 2C07, su na PAL ne.

In mataccen Famicom ɗin ya zo da adaftarsa, kada a soka ta a bango, ta 100V ce ta Japan. Ta NES kuma AC take fitarwa, tana kashe gem irin wannan. A nemi 9V DC mai 850 mA zuwa 1A, a duba zanen da ke jikin gem, yawancinsu tsakiyar filogin ne ƙasa, akasin yawancin adaftocin kasuwa.

Bindigar harbin agwagwa za ta ci gaba da aiki a talabijin mai ƙeya. A filasma ba ta aiki, kafin canji da bayansa.

Injiniya B.:

Hajiya, na yarda da maganar Ricoh in an samu, sai dai cire shi daga fanel ɗin Nintendo ya fi wuya, mai fuska biyu ne, dalma tana cika ramin har sama, ƙafa ta 20 da ta 40 kuma suna zaune a kan faffaɗar tagulla mai shanye zafi. Ana buƙatar iska mai zafi daga sama a taimaka wa famfo.

Abu ɗaya ya rage, Malam ɗan_kaset. Bayan canji kana iya ganin siraran layuka a tsaye a kan shuɗin sama, ko hoton ya yi duhu ko ya yi fari fat. Siginar hoto tana fita daga ƙafa ta 21 ta IC ɗin hoto, kuma a fanel masu araha layinta yana bi ta gefen layukan adireshi yana kwasar hayaniyarsu. Gyaran shi ne ka lanƙwasa ƙafa ta 21 waje kada ta shiga soket, ka gina mata ƙaramar da'ira a kusa. Tiransista PNP, 2N3906 ko A1015, mai ƙafafu uku B da C da E: B zuwa ƙafa ta 21, C zuwa ƙasa a ƙafa ta 20, E zuwa 5V ta rasista 300 ohm. Daga E ɗin ka fitar da rasista 110 ohm, sai kafasita 220 µF da gefensa mai alamar + yana kallon tiransista, sai waya mai rigar tagulla zuwa ramin hoto, bayan ka yanke tsohon layin da ke zuwa ramin. Jerin ƙafafun tiransistocin biyu ba ɗaya ba ne. In fuskar mai rubutu tana kallonka ƙafafu ƙasa, 2N3906 E-B-C ne, A1015 kuma E-C-B. In hoto ya yi haske da yawa, ɗaga 110 ɗin zuwa 150. In ya yi duhu, sauko da shi 75.

Taɓa 7805 bayan minti 15 da kunnawa. Ɗumi ba komai, su kansu manyan IC ɗin suna ɗumi. In ba ka iya barin yatsa a kan ƙarfensa, auna abin da adafta ke bayarwa, don masu tiransifoma da aka rubuta wa 9V sukan ba da 12 ko fiye, kuma duk rarar zafi take zama. Canza adaftar, ka shafa farin man zafi tsakanin regileta da ƙarfensa, ka ɗaure sukurun sosai.